Na je neman ingarma, na dawo da goɗiya

Tunda na sa hoton nan a sitatus ake ta turo min saƙo, wasu murna suke taya ni wasu kuma tambaya ce, wai duk dawakan da ke Jamus na rasa abin saya sai goɗiya, goɗiyar ma duƙusa 'yar shekara 3 da ko sirdi bata gama sabawa da shi ba. Toh amsawa ɗaya bayan ɗaya a waya ya min yawa, shi yasa nace bari in zauna in faɗi yadda abun ya kasance, don wata 11 cur na yi ina wannan neman, kuma abun da na gani a cikinsu ya fi abun da na sani a duk shekarun da na yi ina hawa.

Ni a Katsina na tashi, kuma duk wanda ya san Katsina ya san garin dawaki ne, ga hawan sallah ga folo tun zamanin Sarki Dikko, Sarki Usman Nagogo kuwa har gobe ana ba da labarin wasansa. Mu ba gidan sarauta bane, Kawuna ne yayan mahaifiyata yake da turke uku a ƙofar gida, ya saya ya yi kiwo ya sayar, wani lokacin har Maigatari yake zuwa ran Alhamis. Mu yara mu ne yankan ciyawa, mu ne dama dusa da kanwa, mu ne kwasar kashi, ladanmu shi ne in la'asar ta yi sanyi a ɗora mu a fita ƙilisa. Da aiki ya kawo ni arewacin Jamus kewar doki ce ta kai ni wata barga a bayan gari, nace zan dinga biya ina hawa ko sau ɗaya a sati, a can na haɗu da matar da ta zama malamata, dattijuwa ce da ta haura 60, kuma ita ta sa ni a hanyar wasan da suke kira diresaj. Shekara bakwai kenan yanzu.

Ga wanda bai san shi ba, diresaj ba tsere bane ba kuma tsallake shinge bane, nuna horon doki ne zalla. Fili ne na yashi mai faɗin mita 20 da tsawon mita 60, an jera haruffa a gefe-gefensa, kai da dokinka ku shiga ku kaɗai ku yi abun da aka tsara, a wannan harafin ka juya, a wancan ka tsaya, alƙalai suna zaune suna ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Tun 1912 yake cikin gasar Olamfik. A matakin ƙoli zaka ga doki yana sassarfa a wuri ɗaya bai matsa gaba ba, ko yana sauya ƙafar da ke ja gaba a kowane taku cikin sukuwa kaman mai tsalle-tsalle, ko ya kewaya a kan ƙafafun baya. Ranar da na fara gani da idona sai da tsigar jikina ta tashi don rawar dokin hawan sallah ce ta faɗo min a rai. Sai dai akwai bambanci, kuma zan faɗa duk da ina son al'adarmu har cikin raina: yawancin rawar da dawakanmu ke yi zafin linzami ne da ƙaimi ke fito da ita, a nan kuwa in doki ya buɗe baki ko yana ta kaɗa wutsiya don takura ko bayansa ya sandare, maki ake ragewa. So ake ya zama kaman shi ya ga dama yake yi.

Toh me yasa duƙushi? Kuɗi, gaskiya kenan. Dokin da ya riga ya samu horo har ya iya waɗannan abubuwa kuɗinsa kuɗin gida ne, mai albashi irina ba zai doshi wurin ba. Abun da ya rage shine ka sayi ƙarami ka yi renonsa da kanka, amma fa ka sani ba doki ka saya ba tukuna, fata ka saya. Ana fara ɗora masa sirdi yana shekara 3 ko 4, a dokar gasar ƙasa da ƙasa ba ya shiga babban matakin sai ya kai shekara 8, kuma yawanci sai sun kai 10 ko fiye kafin su nuna da kyau, da yawa ma basa taɓa kaiwa. Wato duk wata zaka biya kuɗin barga, duk sati shida zuwa takwas mai gyaran kofato, ga alluran rigakafi ga likitan haƙori ga kuɗin malami, shekara da shekaru, a kan dabbar da ka zaɓa cikin awa ɗaya ko biyu. Shi yasa zaɓen yake da nauyi haka.

Farkon inda na nufa Verden ne, ƙaramin gari kusa da Bremen, nan ce hedikwatar masu kiwon dawakin Hanover kuma nan suke yin gwanjo. Mutanen nan sun daɗe a harkar, gidan ingarmun gwamnati da ke Celle tun 1735 aka kafa shi, kowane doki da takardar asalinsa kaka da kakanni, har sunansa ma da harafin farko na sunan ubansa ake farawa. Na zauna a zauren nan ina kallo ana shigo da su ɗaya bayan ɗaya an yi musu kitso a geza suna ƙyalli, ana kiɗa ana tafi, mai gwanjo yana ta zuba, kafin in gama lissafin abun da ke asusuna an wuce shi ninki biyu. Ban ɗaga hannu ba ko sau ɗaya amma zuwan ya min amfani, don na ga irin yadda ake fito da doki a ranar kasuwa, kuma daga nan na koma bin ƙananan makiyaya da dillalai a ƙauyuka, duk Asabar ni da malamata a mota, wani lokacin tafiyar awa uku don ganin doki na minti ashirin. Saye ta bidiyo kam tun farko tace min kar in soma, kuma na yarda da ita, cinikin biri a sama ne, bidiyon minti biyu an yanke duk inda dokin ya yi tuntuɓe.

A wata na huɗu na ga wanda ya tafi da hankalina. Akawal ne, baƙi wuluk, ɗan shekara 3, dogo, wuya kaman an zana, ba a dandaƙe shi ba. Aka sake shi a fili wani yaro yana binsa da bulala an ɗaura leda a bakinta tana ƙara, sai dokin nan ya ɗaga wutsiya ya fara sassarfa yana wurga ƙafafun gaba har kusan tsayin ƙirjinsa kaman baya taɓa ƙasa. Wallahi Totilas kawai na gani. Duk wanda ya shigo wannan harka ya san Totilas, baƙin ingarman Holan da Edward Gal ya hau, shi ya fara haura maki 90 cikin 100 a 2009, ya kwashe zinare uku a gasar duniya ta Kentucky a Amurka a 2010, aka sayar da shi zuwa Jamus a kan kuɗin da aka ce ya kai wajen Yuro miliyan 10. Na kalli bidiyonsa ya fi sau ɗari. Abun da ban tsaya na tuna ba a ranar shine yadda labarin ya ƙare, bayan sayarwar ciwo ya dinga bin ƙafafunsa, ya yi ta fita yana komawa jinya har aka ajiye shi a 2015.

Malamata bata ce komai ba har aka gama, sannan tace wa dillalin a ajiye bulalar, a kama shi da ragama a yi ta tafiya da shi a hankali har ya huce. Ta sa aka share yashin wani gefe da manjagara, aka bi da shi ta wurin, ta kira ni muka tsuguna muna duba sawu. Tace duba, inda kofaton gaba ya taka, ina na baya ya sauka? A dokin da ke da tafiya ta ƙwarai kofaton baya wuce sawun na gaba yake yi, wani da faɗin kofato ɗaya wani biyu, don ƙugunsa a sake yake kuma bayansa na aiki. Na akawal ɗin nan da ƙyar yake kaiwa sawun. Sannan tace rufe idonka ka saurara. Tafiyar doki bugu huɗu ce daidai wa daida, ɗaya biyu uku huɗu, shi kuwa nasa biyu-biyu suke zuwa a manne, ƙafar gaba da ta baya na gefe guda suna neman tashi tare, irin tafiyar raƙumi. Tace wannan shine aibin da ya fi kowanne wuyar gyara, in ka fara tattara shi, wato koya masa gajarta taku ya ɗauki nauyinsa a baya, nan da shekara uku ƙaruwa zai yi ba raguwa ba, kuma a jarrabawa da yawa makin tafiya ninka shi ake yi sau biyu.

A mota ta ƙara min bayani, kuma tun daga ranar na ji shi a bakin mutane da yawa: tafiya da ƙaramar sukuwa su ake saye, sassarfa kuwa ginata ake yi. Sassarfa ita ce mai ɗaukar ido, ita ce ake sa wa a talla, amma ita ce mai sauƙin gyara, in doki ya yi ƙarfi ya koyi ɗaukar nauyinsa a baya da kanta take buɗewa. Ƙaramar sukuwa, wadda a Turance suke ce wa "kanta", bugu uku ce sannan ɗan lokacin da duk ƙafafu huɗu suke sama, ana so ka ga kaman tudu yake hawa, ƙafar baya tana shigowa can ƙarƙashin ciki, don rabin aikin babban mataki a cikinta yake. Kuma wurga ƙafar gaba ba komai bane in ta baya tana jan ƙasa a can baya, injin doki a baya yake. Wanda ma aka tsorata da leda, kowane doki in jininsa ya hau zai yi maka wannan rawar na minti biyar, ba ita zaka samu ran Talata da safe kana kai kaɗai a fili ba.

Duk da haka ban haƙura ba, zuciya ta riga ta kwanta, nace a kira likita a duba shi ko da rabo. Dillalin yace ai akwai hotunan ƙashi da likitansu ya ɗauka wata shida da suka wuce, ba sai na ɓata kuɗi ba, kuma wai akwai wasu daga waje da zasu zo jibi da kuɗi a hannu. Nan ne kaɗai na yi abun da ya dace, nace a'a likitana zan kawo, ni zan biya. Likitan ta zo ta saurari zuciya da huhu, ta duba ido, ta sa aka yi sassarfa da shi a kan siminti a miƙe sannan a kewaye, ta lanƙwashe kowace ƙafa ta riƙe kaman minti ɗaya ta saki a ruga da shi. Ƙafar baya ta hagu da aka saki sai ga ɗingishi, ba mai yawa ba amma ko ni na gani. Aka ɗauki hotuna, a nan ƙa'idarsu guda 18 ce, aka ga ɗan ɓallin ƙashi a gwiwar baya, wannan kam tace ana samu a ƙananan dawakan nan masu saurin girma kuma sau da yawa ana cirewa da tiyata a wuce wurin. Amma da ta sa na'urar sikanin a jijiyar da ke bayan ƙwauri ta ga ta yi kauri tun daga sama, a dokin da bai fara aikin komai ba, sai ta kalle ni tace wannan jijiyar ita ce ke ajiye dawakan diresaj da yawa. Na biya kuɗin dubawa mai yawa na dawo gida hannu biyu, kwana biyu bana jin daɗin komai, har yanzu in na tuna dokin nan tausayinsa nake ji don wani zai saye shi saboda sassarfar nan ya matsa masa.

Bayan nan na rage rawar jiki na koma karatun asali. Zaka ji ana ta kiran sunayen manyan ingarmu, Donnerhall, Weltmeyer, Rubinstein, De Niro, Sandro Hit, kusan duk takardar da ka buɗe sai ka ga ɗayansu a ciki, kuma gaskiya ne barewa bata gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ingarma ɗaya yana iya haifar ɗaruruwa a shekara tunda ta hanyar allura ake yi, cikinsu akwai gwani akwai wanda albasa bata yi halin ruwa ba. Takarda bata hawa doki. Valegro misali ne da ke ƙarfafa min gwiwa, an kai shi jarrabawar zaɓen ingarmu a Holan yana ƙarami bai ci ba, Carl Hester na Ingila ya saye shi da araha, aka dandaƙe shi, ba wani dogo ba, amma shi ne Charlotte Dujardin ta ci zinare da shi a Landan a 2012 da Rio a 2016, ya kuma kafa tarihin maki 94.3 a 2014. Abun da tsofaffin makiyaya suka fi nanata min shine uwa. Ka tambayi uwar, an taɓa hawanta? Ta yi jarrabawar goɗiyoyi, nawa baƙon mahayi ya bata a daɗin hawa? Sauran 'ya'yanta suna ina, suna aiki ko sun lalace tun suna shekara 7? Don watannin farko a gindin uwa duƙushi ke yi, in ita mai firgita ce ko mai harbi ce a wurinta zai ɗauka.

Ita wannan da na saya ba a talla na ganta ba, mai gyaran kofaton bargarmu ne yace akwai wani tsoho manomi da ke da shanun madara da goɗiyoyi biyu, yana da duƙusa da yake son rabuwa da ita kafin sanyi. Muka je ran wata Asabar ana yayyafi. Ba kitso ba ƙyalli, tana cikin makiyaya da sa'o'inta uku, taɓo har gwiwa, bikili ce mai ɗan fari a goshi da farin ƙafa ɗaya, ƙugunta ma ya ɗan fi kafaɗa tsayi don tana cikin girma, abun da makiyayan nan ke cewa a duba doki yana kwana uku, wata uku, sai kuma shekara uku, tsakanin nan duk a karkace suke. Gaskiya da farko ban ji komai ba. Amma muna tsaye a bakin shinge sai ta bar sauran ta taho wurinmu, kuma tahowar ce malamata ta taɓa min hannu a kai, tafiya ce doguwa a sake, kai yana lilo, duk jikin yana motsi tun daga kunne har wutsiya kaman damisa, a cikin taɓon nan ma ana ganin kofaton baya yana wuce sawun gaba sosai. Ta zo ta shinshina rigata ta tsaya. Sai ɗan tsohon ya taso da tarakta ta bayan shingen da ƙara, sauran ukun suka watse da gudu, ita ta ɗaga kai ta zabura taku biyu, ta tsaya ta kalli abun, ta sauke numfashi ta dawo. Ba wai bata tsorata ba, ta tsorata, amma ta yi tunani ta dawo da wuri, kuma wannan shine halin da nake nema ban san sunansa ba.

Sau uku na koma. Na farko na ga an kamo ta an goge ta an ɗaga ƙafafunta huɗu an ɗaura sirdi, duk a gabana, don ban yarda in iso in tarar an riga an gajiyar da doki an ɗaure shi yana jira ba. Wata yarinya maƙwabciyarsu da ta fara hawanta wata biyu kafin nan ta hau, sassarfarta ba abun a zo a gani bane, daidai dai, amma bugun baya canzawa, ƙaramar sukuwarta kuwa ko a wurin juyawa bata rikicewa. Na biyu malamata ta hau, minti goma ta sauko tace bakinta da laushi kuma in ka nuna mata abu ta kuskure bata fushi, sake gwadawa take. Na uku ni na hau, kuma wannan yana da muhimmanci don ni ba ƙwararre bane, ina aiki sai yamma nake zuwa barga, dokin da gwanaye ke so mai wuta a jiki wanda ƙuda in ya sauka masa sai ya tashi sama, ni ba zan iya masa adalci ba, tsoronsa zan ji shi ma ya ji nawa. Da na zauna a bayanta na matsa ƙafa kaɗan ta tafi, na sauke numfashi na zauna ta tsaya. Na ga uwar ma, shekararta 19, ƙafafu sumul ba kumburi, jikan tsohon ke hawanta zuwa daji.

Daren nan na kira Kawu a bidiyo, ya tsufa yanzu ido ya yi rauni amma in dai maganar doki ce zai tashi zaune. Bayan mun gaisa nace Kawu na samu fa. Yace madalla, ingarma ne ko? Nace goɗiya ce Kawu. Ya yi shiru, can yace kai ɗan nan, goɗiya kuma, a ina ka taɓa ganin namiji ya yi hawa da goɗiya? Kuma ban ga laifinsa ba, a wurinmu goɗiya ta ƙauye ce ta haihuwa, ingarma ake ɗaura wa kaya a fita. Nace Allah ya ƙara maka lafiya Kawu, a nan ba haka bane, ingarma sai ƙwararru don ko bargar da zata karɓe shi ma wuya take, kuma wadda ta ci zinaren Olamfik sau biyu a jere, a Tokiyo da kuma Paris a 2024, goɗiya ce, Dalera sunanta, wata Bajamushiya Jessica von Bredow-Werndl ke hawanta, tana da shekara 17 ta ci na biyun. Yace sha bakwai? Nace sha bakwai. Yace toh lallai an iya riƙo. Daga nan ya shiga tambayoyinsa irin na da, yaya cinta, tana barin abinci? In an ɗaure ta tana tona ƙasa ko tana cizon itace? Ka buɗe bakin ka ga haƙoran da idonka ko takarda ka yarda da ita? Nace na buɗe Kawu, na tsakiya sun fita manya sun fito, na kusa da su basu faɗi ba tukuna. Yace toh uku ce da gaske. Uwar fa, ka ganta? Sai da na yi murmushi don tambayar da tsofaffin Jamusawan nan suka yi ta min kenan. Na tura masa bidiyon da na ɗauka tana tafiya a makiyaya, ƙanina ya riƙe masa wayar kusa da fuska, ya sa aka maimaita har sau uku, sannan yace wannan ta iya taka ƙasa, in likita ya yarda kar ka bari ta wuce ka.

Likitan dai ita na sake kira, aka yi duk abun da aka yi wa akawal, na ƙara da hotunan ƙashin baya don a ga ko ƙasusuwan da ke ƙarƙashin sirdi suna gogar juna, aka ɗebi jini aka ajiye a ɗakin gwaji na wata shida saboda ko daga baya wani abu ya fito a iya dubawa ko an bata maganin kashe zafi ko na kwantar da hankali a ranar. Ba a samu hoto mai tsabta ɗari bisa ɗari ba, akwai ɗan abu a ƙafar gaba ɗaya, likitan tace ita bata taɓa ganin dokin da ba shi da komai ba, abun tambaya shine ko zai hana shi aikin da kake so, kuma a ganinta wannan ba zai hana ba. Aka duba lambar da ke cikin wuyanta da na'ura ta yi daidai da fasfo ɗinta, muka rubuta yarjejeniya, tsohon ya rage min kaɗan ba tare da na roƙa ba, yace shi dai in ta fara fita gasa in kira shi ya zo ya gani. Da za a sa ta a tirela ya juya baya yana share ido da hularsa.

Yanzu sati shida kenan tana wurina. Mutane a barga suna tambaya yaushe za a fara ganinmu a gasar ƙananan dawaki, tunda akwai ta Warendorf da ake yi duk shekara har da 'yan shekara 3 da 4, ni kam ba can na dosa ba. Ƙashin bayan doki shi ne na ƙarshe da ke gama ƙwari, sai wajen shekara 6, kuma na riga na ga jijiyar ɗan shekara 3 a allon sikanin. Sau uku a sati nake hawanta, minti ashirin, da linzami mai laushi wanda ba shi da wannan ƙarfen da ke danna dasashi irin namu na gida, yawanci ma tafiya ce a hanyar gona tare da tsohon dokin malamata a gaba. In sanyi ya kankama zan cire sirdin gaba ɗaya in mayar da ita makiyaya wata uku ta ƙarasa girma, a dawo a ci gaba da bazara in Allah ya kai mu.

A takarda sunanta na Jamusanci ne mai tsawo da harafin ubanta a farko, amma Kawu ya riga ya raɗa mata Bikili kuma shi ya bi ta, har malamata ta koyi faɗa. Jiya da yamma na je na tarar tana kwance a ɗakinta ta naɗe ƙafafu, na buɗe ƙofa a hankali ina jiran ta zabura ta miƙe kaman yadda take yi a satin farko, sai ta ɗago kai ta kalle ni ta ci gaba da kwanciyarta. Na tsuguna a cikin ciyawar kusa da wuyanta na kusa minti goma ina sosa mata gindin geza, sannan na ɗauki hoto na tura wa ƙanina nace ya nuna wa Kawu in ya dawo daga masallaci.